NIKOLA TESLA (1856-1943): MUTUMIN DA YA ƘERA WALƘIYA CIKIN ƊAKI

Duk wanda damina ta taɓa riska a gona, a karkarar Mayahi ko ta Tasawa, ya san abin da ake kira tsawa. Hadari ya haɗo daga gabas, walƙiya ta tsaga sama, sai manomi ya saɓa hauyarsa ya nufi gida, don kowa ya ji labarin itacen da aradu ta raba biyu ko dabbar da ta kashe a makiyaya. Tun kaka da kakanni ɗan Adam daga nesa yake kallon wannan wuta. Yau za mu kawo muku tarihin wani masani wanda ya ƙare rayuwarsa wajen binciken ta, har ya ƙera na'urar da ke fid da irinta cikin ɗaki. Sunansa Nikola Tesla.

Dalili biyu ya sa muka zaɓe shi. Na fari, wutar lantarkin da ke haska asibitocinmu da ofisoshinmu tana tafiya ne bisa tsarin da ya taimaka aka kafa. Na biyu, a ƙasashe da yawa samari masu son ƙere-ƙere suna kwaikwayon na'urarsa a gida, da taransifomar da suka ciro daga tsohuwar na'urar ɗumama abinci, kuma irin wannan taransifoma ta riga ta ci rayuka. Wayar hannu ba ta san iyaka ba: hoton da aka ɗauka a Amurka yana iya isa hannun yaro a ƙauyukan El Allassane Maïreyrey a rana ɗaya. Saboda haka ya kamata a san mutumin, a san aikinsa, a kuma san inda haɗarin yake.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Nikola Tesla ran 10 ga Yuli 1856 a wani ƙauye mai suna Smiljan, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Kuroshiya. Iyayensa Sabiyawa ne. Mahaifinsa, Milutin, limamin coci ne mai yawan littattafai. Mahaifiyarsa, Juka, ba ta taɓa shiga makaranta ba, amma mace ce mai basira, tana ƙera kayan aikin gida da hannunta, kuma ta haddace waƙoƙin gargajiyar mutanenta masu tsawo. Daga baya shi kansa ya shaida cewa wurinta ya gaji baiwar ƙirƙira. Shi ne na huɗu cikin ƴaƴa biyar. Yana ƙarami wansa Dane ya rasu sanadiyyar doki, sai burin gidan duka ya komo kansa.

Uban yana son ɗan ya gaje shi a aikin coci, shi kuwa yaron lissafi da injuna ne suka ɗauke masa hankali. Da ya gama makarantar sakandare a Karlovac cikin 1873, sai cutar kwalara ta kama shi, ya yi wata tara a kwance, har aka fid da rai. A cikin wannan hali ne mahaifinsa ya yi masa alkawarin in ya tashi zai kai shi makarantar injiniyoyi. Allah ya nufa da sauran kwana, ya warke, kuma uban ya cika alkawari.

Karatu da yawon neman aiki

A 1875 ya shiga babbar makarantar fasaha ta birnin Graz. Shekarar fari ya yi karatu ba dare ba rana, ya wuce tsaransa. A nan ne malaminsu ya nuna musu wani injin lantarki wanda ke ta fesa tartsatsi a wurin da wasu ƴan ƙarafa ke gogar sashen da ke juyawa. Tesla ya kawo shawarar cewa za a iya yin inji ba tare da wannan guga ba, malamin ya ɗauki maganar a matsayin mafarkin yaro. Tambayar ba ta bar zuciyarsa ba.

Sai dai ba za mu ɓoye aibinsa ba. Daga baya ya faɗa caca, karatu ya lalace, ya bar Graz a 1878 ba tare da takardar shaida ba. Mahaifinsa ya rasu a 1879. Bayan ɗan zama a birnin Prag, ya sami aiki a Budafes cikin 1881, a ofishin wayar tangaraho, sannan a ma'aikatar tarho. A can ne, cikin 1882, ya ce amsar tambayarsa ta faɗo masa yana yawon shan iska da wani aboki. A shekarar ya koma Paris, ya kama aiki a kamfanin Edison na Turai, kuma a 1883, lokacin da aka tura shi aiki Strasbourg, ya ƙera samfurin injinsa na fari. A watan Yuni 1884 ya sauka birnin Niyok na Amurka, ya shiga ma'aikatar Thomas Edison, wanda sunansa ya riga ya game duniya saboda ƙwan lantarki. Wata shida kawai suka yi tare, suka saɓa, ya fita. Ya haɗa kai da wasu masu kuɗi suka kafa kamfani, su kuma da suka sami abin da suke so suka yar da shi. A hunturun 1886 zuwa 1887 wannan masani haƙar rami yake yi a kan dala 2 a yini don ya ci abinci.

Wuta iri biyu

Kafin mu ci gaba, sai mun fahimci abu ɗaya. Wutar lantarki iri biyu ce. Akwai mai miƙewa, wadda ke bin waya ta fuska ɗaya kamar ruwa a cikin kwari. Ita ce wutar batir da ta faifan hasken rana. Akwai kuma mai kai da komo, wadda ke zuwa ta dawo kamar ƙoshiyar masaƙi. Ita ce kuran ɗin da NIGELEC ke rabawa, wanda ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Ana auna wuta da ma'auni biyu: bolt shi ne ƙarfin turinta, amper kuwa shi ne yawan wadda ke wucewa.

Edison da wuta mai miƙewa yake aiki, mai bolt 110. Aibinta shi ne ba ta nisa: da ta wuce kilomita ɗaya ko biyu sai ta raunana, domin waya tana ɗumi tana cinye ta. Maganin wannan asara shi ne a ɗaga bolt a rage amper kafin a tura wutar, in ta isa gari a sake sauke ta. Na'urar da ke wannan aiki ita ce taransifoma, wato naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya, kuma da wuta mai kai da komo take aiki. Ba Tesla ne ya ƙago taransifoma ba, wasu injiniyoyi ne a Turai da Amurka suka riga shi. Abin da aka rasa a lokacin shi ne inji nagari wanda irin wannan wuta za ta juya.

Nan ne basirarsa ta fito. Ku dubi mata uku suna lugude a turmi ɗaya: kowace tana sauke taɓaryarta a lokacinta, ɗaya bayan ɗaya, dakan ba ya tsayawa. Haka Tesla ya jera naɗe-naɗen waya a da'ira, ya ba kowane wutarsa, amma ba su isowa tare, sai bi da bi. Da haka jan maganaɗisu yake zagaya da'irar, ƙarfen da ke tsakiya kuma ya bi shi yana juyawa, babu abin da ke gogar wani. A 1887 ya sami sababbin abokan hulɗa suka buɗe masa ɗakin gwaji, a watan Mayu 1888 gwamnatin Amurka ta ba shi takardun mallakar wannan fasaha. A shekarar nan wani malami ɗan Italiya, Galileo Ferraris, ya bayyana irin wannan tunani, ba tare da ɗaya ya kwaikwayi ɗaya ba. Har gobe jikokin wannan inji ne ke juya fanka, da famfon ruwa, da injunan masana'antu.

Gardamar manyan kamfanoni

A watan Yuli 1888 attajiri George Westinghouse ya sayi izinin amfani da fasahar Tesla a kan dala 60,000, kuɗi da hannun jari, tare da alkawarin dala biyu da rabi a kan kowane ƙarfin doki na injin da aka sayar. Ɓangaren Edison ya tashi haiƙan yana tsorata jama'a da wuta mai kai da komo. Aka riƙa kashe dabbobi da ita a gaban mutane. A watan Agusta 1890 aka zartar wa wani fursuna hukuncin kisa a kujerar lantarki, karo na fari a tarihi, da wutar da ba ta wuce bolt 1,000 zuwa 2,000 ba. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Duk da haka tsarin da ya fi amfani shi ya yi rinjaye. A 1893 kamfanin Westinghouse ya haska babban bajekolin duniya na Shikago. A 1895 aka buɗe tashar lantarki a gangaren ruwan Niyagara, a watan Nuwamba 1896 wutarta ta isa birnin Buffalo, tafiyar fiye da kilomita 30. Tun daga nan duniya ta bi wannan hanya. Amma Tesla bai yi arziki da ita yadda ya kamata ba: a 1891, da kamfanin ya shiga matsin kuɗi, ya yafe ladan da ake biyansa a kan kowane inji.

Naɗin Tesla

Fid da tartsatsi daga naɗin waya ba sabon abu ba ne. Bature Michael Faraday ya gano asalin ilimin a 1831, wani limamin coci ɗan Ailan, Nicholas Callan, ya ƙera naɗin tartsatsi a 1836, sannan Heinrich Ruhmkorff ya kyautata shi a Paris cikin 1851. Ƙanen wannan na'ura yana cikin babur da motar fetur: bobin ɗin da ke ba buji wuta. Tesla ya ɗauki abin ya kai shi wani matsayi. A 1891, shekarar da ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya yi rajistar na'urar da har yau ake kira naɗin Tesla.

Ga yadda take a taƙaice. Taransifoma tana ɗaga wutar gari, wata ma'ajiya ta tara ta, sannan ta sake ta farat ɗaya cikin ɗan gajeren naɗi mai kaurin waya. Kusa da shi akwai dogon naɗi mai siririyar waya. An daidaita su biyu kamar mai lilo da mai tura shi: in turin yana zuwa daidai lokacinsa, lilon sai ya yi ta ƙara sama. Da haka ƙarfin wutar ke hawa har dubban ɗaruruwan bolt, ta tsaga iska da ƙara. Da wannan na'ura Tesla ya riƙa kunna fitilun gilashi a hannunsa ba waya, a gaban taron masana a Niyok, da Landan, da Paris, har yana barin wutar ta bi jikinsa.

Me ya sa ba ta kashe shi ba? Domin wutar da ke fitowa daga dogon naɗin amper ɗinta kaɗan ne, kuma tana kai da komo sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, saurin da jijiyoyin jiki ba su amsa shi kamar yadda suke amsa wutar gari. Ko ita ma tana ƙuna, kuma in na'urar ta sami matsala wutar gari na iya biyo ta. Tesla ya san wannan duka, ya auna, ya lissafa kafin ya miƙa hannu. Ƴan kallo ƙarfin hali suka gani, ilimin da ke bayansa bai bayyana gare su ba.

A watan Maris 1895 gobara ta cinye ɗakin gwajinsa na Niyok da kayan aiki da takardun shekaru. Bai karaya ba. A 1898 ya nuna wani ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa daga nesa ba waya. A 1899 ya tafi Kolorado Springs, gari mai tudu da yawan tsawa, ya gina naɗi mafi girma da ya taɓa yi, mai fid da walƙiya ta mitoci da yawa. A can aka ɗauki shahararren hotonsa, yana zaune a kujera yana karatu, walƙiya na ratsa ɗakin ta ko'ina. Gaskiyar magana ita ce hoto biyu aka haɗa a faranti ɗaya: an ɗauki walƙiyar ba kowa a wurin, sannan aka kashe na'urar, ya zauna aka ɗauke shi. Mutumin da ya fi kowa sanin wannan wuta bai yarda ya zauna kusa da ita tana aiki ba.

Hasumiyar da ba a gama ba

Burinsa na ƙarshe shi ne ya aika saƙo, har da wutar lantarki kanta, zuwa ko'ina a duniya ba tare da waya ba. A 1901 babban mai banki J. P. Morgan ya ba shi dala 150,000, ya fara gina hasumiya mai tsawon mita 57 a Wardenclyffe, kusa da Niyok. Amma a watan Disamba na shekarar Guglielmo Marconi ya tsallakar da saƙon rediyo tekun Atilantika da kayan da ba su kai nasa tsada ba. Morgan ya ƙi ƙara kuɗi, aiki ya tsaya, bashi ya taru, a 1917 aka rushe hasumiyar. Masana na yau sun tabbata cewa raba wuta ga duniya ta wannan hanya ba zai yiwu yadda ya zata ba. Hanyar waya da taransifoma, wadda shi da kansa ya share, ita ta ɗore.

Bai taɓa aure ba. Tsufansa a ɗakunan otel ya yi shi, yana barin bashi daga wannan zuwa wancan, babbar hirarsa ita ce ciyar da tantabarun birni. Daga 1934 kamfanin Westinghouse ya riƙa ba shi dala 125 a wata yana kuma biya masa kuɗin ɗaki. Ya rasu shi kaɗai ran 7 ga Janairu 1943 a otel ɗin New Yorker, yana da shekara 86. Cikin shekarar kotun ƙolin Amurka ta soke wata babbar takardar mallakar Marconi a kan rediyo, saboda aikin waɗanda suka riga shi, har da Tesla. Tokar gawarsa tana ajiye a gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a Belgirad, kuma a 1960 masanan duniya suka raɗa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunansa.

Abin da ya shafe mu

Gadonsa ya iso ƙasarmu. An kafa NIGELEC a 1968. A 1976 aka ja layi mai bolt 132,000 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, ya kawo wutar madatsar ruwan Kainji, daga baya kuma aka ja wani daga Katsina zuwa Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Ba don wuta mai kai da komo ba, da ba a yi wannan doguwar tafiya ba. Ko a ƙauyen da layi bai kai ba, mai faifan hasken rana yakan sayi ɗan akwatin da ke mai da wutar batir mai kai da komo, don ya kunna kayan da aka ƙera saboda wutar gari.

Yanzu sai gargaɗi. Na'urar ɗumama abinci da ake kira mikuro-ond tana da taransifoma mai nauyi a cikinta, wadda ke ɗaga bolt 220 na gida zuwa wajen bolt 2,000, adadin nan da muka ce ku riƙe. Tana ba da wajen rabin amper, alhali kashi ɗaya cikin ashirin na amper ya isa ya rikita bugun zuciya. Wutarta irin ta gari ce, mai kai da komo sau 50, wadda zuciya ba ta jurewa. Takan ƙanƙame hannu har mutum ya kasa saki, takan huda robar ƙaramar waya, ta bi ta katako mai laima ko ƙasa mai damshi. Na'urar tsaro da ke yanke wutar gida ba ta jin abin da ke faruwa a bayan taransifomar, don haka wutar ba ta ɗaukewa. Ma'ajiyar da ke gefenta kuma tana iya riƙe wuta bayan an zare waya daga bango. Masu haɗa biyu ko huɗu don su ciyar da naɗin Tesla suna ninka haɗarin ne. A Amurka mutane fiye da 30 sun mutu cikin ƴan shekaru wajen zana ado a katako da wuta mai ƙarfi, akasari ta irin wannan taransifoma, har ƙungiyar masu sassaƙar katako ta ƙasar ta hana wannan aiki a tarukanta tun 2017.

Saboda haka muna kira ga iyaye, da malaman makaranta, da masu gyaran rediyo, da masu sayar da tsofaffin ƙarafa a kasuwanninmu: kada a bar wannan taransifoma ta faɗa hannun yaro, kada kuma babba ya jona ta a wajen akwatinta. In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi. A kashe ta daga babban makunni tukuna, sannan a kai shi likita ko da ya miƙe da ƙafafunsa. Hukumomin gundumomi da malaman yaƙi da jahilci su isar da wannan magana ga waɗanda ba su karanta jarida.

Ba muna cewa a kashe wa yaro mai basira gwiwa ba. Ƙasa mai tasowa tana bukatar masu ƙira kamar yadda gona ke bukatar ruwa. Yaron da ke kwance rediyo ya mayar, a ba shi batir da ƙananan fitilu ya koyi aiki da wutar da ba ta kisa, sannan a nuna masa hanyar makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi, ko jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Muna da abin koyi a gida: marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya bi karatun kimiyya har ƙarshensa, ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na ƙasa tun daga 1969, ga shi yau jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Tesla ma sai da ya sha lissafi ya ƙoshi kafin ya kusanci walƙiya, kuma abin da ya fi amfanar duniya cikin aikinsa shi ne injin nan mai juyawa shiru, wanda ba ya fid da tartsatsi ko ɗaya. Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani, ya kuma tsare mana su.